Lambar Mota a Gwandu da Kalgo: Mai Buga Ta, Mai Bayar da Ita, da Inda Kuɗinta ke Zuwa

Duk wanda ya ɗan tsaya a mararrabar Kalgo, inda hanyar da ta taso daga Birnin Kebbi ke rabuwa, wani reshe ya nufi Jega wani kuma ya miƙe zuwa Bunza da Kamba, zai ga lambobin mota iri-iri suna giftawa. Akwai masu farawa da BRK, da KLG, da GWN, da JEG. Akwai na Abuja da na Legas, irin su ABJ da KJA, a jikin motocin da masu su ba su taɓa zama a waɗancan garuruwa ba. Akwai kuma babura masu yawa waɗanda babu komai a bayansu sai gurbin da aka tanada domin lamba.

Mutane da dama na ɗaukar lambar mota a matsayin faifan ƙarfe da ake maƙalawa domin kauce wa tambayar jami'an kan hanya. A idon doka kuwa, faifan shaida ce ta wani abu da ya fi shi nauyi, wato shigar da sunan mutum da bayanan abin hawansa cikin kundin gwamnati. Idan an yi rajistar yadda ya kamata, lambar za ta tsaya wa mai mota ranar da aka sace ta ko aka yi jayayya a kan mallakarta, kuɗin da ya biya kuma ya shiga asusun jiharsa. Idan aka yi ta ta bayan fage, mutum na iya shafe shekaru yana yawo da lambar da babu ita a ko'ina sai a jikin motarsa.

Abin da ke rubuce a jikin lambar

Lambar da ake amfani da ita yanzu ta samo asali ne daga tsarin da Shugaba Goodluck Jonathan ya ƙaddamar a watan Satumba na 2011, lokacin da Osita Chidoka ke shugabantar Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, FRSC. Tana farawa da haruffa uku, sai alƙaluma uku, sai haruffa biyu. A samanta akwai tutar Najeriya da sunan jiha da takenta, wanda a Kebbi ma'anarsa ita ce ƙasar adalci. A bayan rubutun akwai taswirar ƙasar.

Haruffa ukun farko suna nuna ƙaramar hukumar da aka ware wa lambar. KLG ta Kalgo ce, GWN ta Gwandu, BRK ta Birnin Kebbi, ARG ta Argungu, JEG ta Jega. Akan ɗauko haruffan ne daga sunan hedikwatar ƙaramar hukuma, shi ya sa Dandi ke da KMB saboda Kamba, Yawuri kuma ke da YLW saboda Yalwa. Babu ruwan wannan rabo da iyakokin masarautu. Kalgo da Jega da Birnin Kebbi duk suna cikin Masarautar Gwandu, amma kowacce da haruffanta. GWN kuwa ta taƙaita ne ga ƙaramar hukumar da hedikwatarta ke tsohon garin Gwandu, inda Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya zauna ya tafiyar da yammacin Daular Usmaniyya, ko da yake fadar Sarkin Gwandu a yau tana Birnin Kebbi.

Launin rubutun shi ke nuna aikin motar. Shuɗi na motar hawa ce ta gida, ja na motar haya da ta kasuwanci, kore na motocin gwamnati, baƙi kuma na sojoji da hukumomi masu kaki. Wannan bambanci yana da tasiri a aljihu, domin kuɗin lasisi da na inshorar motar haya sun bambanta da na motar gida. Wanda ya yi wa mota rajista da shuɗi sannan ya sanya ta a layin tasha tana ɗaukar fasinja zuwa Sakkwato ya saɓa wa sharaɗin rajistarsa, kuma hakan na iya zama hujjar da kamfanin inshora zai riƙe ya ƙi biya idan an yi haɗari.

Kafin wannan tsari an yi wasu biyu da dattawa ke tunawa da su. A zamanin da Gwandu ke cikin tsohuwar Jihar Sakkwato, lambobin yankin suna farawa ne da SO, kamar yadda na Kano ke farawa da KN, na Kaduna da KD. An ƙirƙiri Jihar Kebbi ranar 27 ga Agusta, 1991, a 1992 kuma aka shigo da lamba ta bai-ɗaya ga ƙasa baki ɗaya, wadda haruffan ƙaramar hukuma ke zuwa a ƙarshenta. Gyaran 2011 ne ya dawo da su gaba, ya kuma ɗaure lambar da sunan mai ita a cikin rumbun bayanai na kwamfuta.

Hukumomin da ke da hannu, da wadda ba ta da shi

Abin da ya fi rikita masu neman lamba shi ne aikin a rabe yake tsakanin hukumomi uku, kuma kowacce da iyakarta.

FRSC, wadda aka kafa a watan Fabrairu na 1988 kuma take aiki yanzu da dokarta ta 2007, ita ce ke tsara lambar, ta buga ta, ta kuma riƙe rumbun bayanan ababen hawa na ƙasa da ake kira NVIS. Tana da masana'antun buga lamba a Gwagwalada da Awka da Legas. Ba ta sayar wa ɗaiɗaikun mutane lamba. Jihohi ne ke aika mata buƙatarsu, su biya, ta buga ta kai musu.

Hukumar Tattara Kuɗaɗen Shiga ta Jihar Kebbi, mai hedikwata a Birnin Kebbi, ita ce ke karɓar lambobin ta kuma bayar da su ta hannun sashenta na lasisin ababen hawa, wanda jama'a ke kira ofishin lasin. Jami'in lasisi ne ke ware wa mota lamba, ya karɓi shaidar biyan kuɗi, ya fitar da takardun mota.

Jami'an duba lafiyar ababen hawa, da aka fi sani da VIO, ma'aikatan jiha ne. Su ne ke duba motar ido da ido, su gwada lambar shasi da ta inji da abin da ke rubuce a takardu, su tabbatar birki da fitilu da tayoyi suna da lafiya, sannan su bayar da takardar cancantar hawa hanya.

Majalisar ƙaramar hukuma ba ta cikin wannan jeri, duk da cewa haruffanta ne a gaban lambar. Jadawali na Huɗu na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya ba ƙananan hukumomi ikon bayar da lasisin kekuna da jiragen kwale-kwale da baro da amalanke da kurar da ba ta da inji. Duk abin hawa mai inji ya fita daga hannunsu, dokar rabon haraji ta 1998 kuma ta sanya harajin hanya a cikin jerin abin da jihohi ke karɓa. Saboda haka wanda ya nufi sakatariyar Kalgo ko ta Gwandu da nufin shugaban ƙaramar hukuma ya ba shi lamba ya ɓata hanya, wanda kuma ya karɓi kuɗin lamba da sunan majalisar ƙaramar hukuma ya karɓi abin da doka ba ta ba shi ba. Hukuncin Kotun Ƙoli na 11 ga Yuli, 2024 kan 'yancin ƙananan hukumomi ya shafi kasonsu ne daga asusun tarayya, bai taɓa wannan rabon aiki ba.

Wannan tsari ne kuma ya sa haruffan lamba ba kullum suke dacewa da inda mai mota ke zaune ba. Jiha na karɓar lambobin ne rukuni-rukuni, jami'i kuma yana bayarwa daga abin da ke hannunsa. Mutumin Gwandu na iya tashi da BRK idan GWN ta yanke a lokacin da ya je. Wannan ba ya rage wa lambar inganci, muddin an shigar da ita rumbun bayanai da sunansa da adireshinsa na gaskiya.

Takardun da ake tafiya da su

Mai neman sabuwar lamba yana buƙatar takardu iri biyu: masu nuna ko shi wane ne, da masu nuna yadda motar ta zama tasa.

A ɓangaren farko akwai lambar shaidar ɗan ƙasa ta NIN, wadda FRSC ta wajabta a rajistar ababen hawa tun 2021, da lasisin tuƙi ko wani katin shaida na hukuma, da hotunan fasfo, da shaidar adireshi, da lambar waya mai aiki. Akan nemi lambar mai biyan haraji ko shaidar biyansa. Kamfani ko ƙungiya kuwa sai sun haɗa da takardar rajistarsu.

A ɓangare na biyu akwai rasidin sayen motar daga dila ko kamfani, da takardun kwastam idan daga waje aka shigo da ita, da takardar inshora. Lambar shasi ita ce ginshiƙin duka. A motocin zamani tana da haruffa da alƙaluma 17, kuma dole ta zama iri ɗaya a jikin mota, da takardar kwastam, da rasidi, da fom ɗin rajista. Kuskuren harafi ɗaya tak ya isa ya sa rumbun bayanai ya nuna wata mota dabam, kuma gyaransa bayan an kammala rajista ya fi wahala nesa ba kusa ba a kan dubawa da kyau tun farko.

Matakan rajista

Mataki na farko shi ne cike fom ɗin neman rajista, mai suna MVA 01, a shafin intanet na NVIS da ke ƙarƙashin FRSC. Ana iya cike shi ta waya ko a shagon kwamfuta, ana kuma iya cike shi a ofishin lasin. Bayan an gama sai a buga shi a takarda.

Daga nan mai mota zai kai fom ɗin da sauran takardunsa ofishin lasin, inda za a lissafa masa abin da zai biya. Ƙa'ida ita ce kuɗin gwamnati ya shiga asusun gwamnati ta banki ko ta hanyar biyan da hukumar ta amince da ita, a kuma ba mutum rasidi mai ɗauke da sunansa. Kuɗin da aka damƙa wa wani a ƙarƙashin bishiya, ko aka tura asusun wani mutum, ba shi da shaidar da za a kafa a gaban kowa.

Mataki na uku shi ne gabatar da motar ga jami'an VIO. Wannan ne matakin da 'yan kamasho suka fi tsallakewa, suna cewa ba sai mota ta zo ba. Amma duba motar ne kaɗai ke tabbatar da cewa shasin da aka rubuta shi ne wanda ke jikinta.

Bayan haka jami'in lasisi zai ware lamba, jami'in FRSC mai kula da NVIS ya tantance bayanan ya ɗora su a rumbun ƙasa. A ƙarshe mai mota zai karɓi faifai biyu, na gaba da na baya, tare da lasisin mota, da takardar shaidar mallaka, da takardar cancantar hawa hanya. Faifan ba ya ƙarewa, amma lasisin mota da inshora ana sabunta su duk shekara.

Ga mazaunin Kalgo wannan zirga-zirga ba ta da nisa, domin garin na dab da babban birnin jiha. Mazaunin Gwandu kuwa, wanda ƙaramar hukumarsa ke iyaka da Jihar Sakkwato, tafiyarsa ta fi tsawo, shi ya sa yana da kyau ya haɗa takardunsa cif kafin ya kama hanya, ya kuma tambayi hukumar kuɗaɗen shiga wane ofishinta ne mafi kusa da ke da ikon kammala rajista.

Nawa ake biya

Farashin faifan lamba ɗaya ne a duk faɗin ƙasa, kuma ba FRSC ko gwamnan jiha ke yanke shi ba. Hukumar Haɗin Gwiwa Kan Haraji, JTB, wadda ta haɗa shugabannin hukumomin haraji na tarayya da na jihohi, ita ce ta saba tsayar da shi. Dokokin gyaran haraji da Shugaba Bola Tinubu ya sanya wa hannu ranar 26 ga Yuni, 2025 sun maye gurbinta da sabuwar hukumar haɗin gwiwa kan kuɗaɗen shiga.

Lokacin da aka shigo da sabuwar lamba a 2011 an sanya ta a kan naira 15,000. Koke-koken jama'a da sa bakin Majalisar Tarayya suka sa aka rage ta zuwa naira 12,500. Daga 1 ga Agusta, 2021 ta koma naira 18,750, ta babur kuma ta tashi daga naira 3,000 zuwa 5,000. Daga 8 ga Yuni, 2025 aka sake ƙari: lambar motar gida da ta haya naira 30,000, ta tirela naira 90,000, ta babur naira 12,000, lamba ta musamman mai ɗauke da suna ko laƙabin da mutum ya zaɓa kuma naira 400,000.

Wannan kuɗin faifai ne kawai. A kansa akwai kuɗin rajista, da na lasisin mota wanda ke bin girman inji da nau'in abin hawa, da na duba lafiyar mota, waɗanda jiha ke tsayarwa. Akwai kuma inshorar da ke biyan diyyar ɓarnar da mota ta yi wa wani, wadda doka ta wajabta. Hukumar kula da inshora ta ƙasa, NAICOM, ta ɗaga kuɗinta ga motar gida daga naira 5,000 zuwa 15,000 daga 1 ga Janairu, 2023, ta kuma ɗaga iyakar diyyar ɓarnar dukiya zuwa naira miliyan 3. 'Yan sanda sun fara tsananta binciken wannan takarda daga 1 ga Fabrairu, 2025.

Hakkin mai mota ne ya nemi a rarrabe masa kowane kuɗi da sunansa. Jimla ɗaya dunƙulalliya da ake kira kuɗin takardu ita ce mafakar ƙarin da ba a san inda yake zuwa ba. Haka kuma farashin da ya yi ƙasa da na hukuma abin tsoro ne. Wanda aka yi wa tayin lamba da inshora a kan rabin kuɗinsu ya tuna cewa araha ba ta ado.

Mota 'yar Kwatano da batun kwastam

Kebbi na iyaka da ƙasashe biyu, Jamhuriyar Nijar da Jamhuriyar Benin, kuma an daɗe ana shigo da motocin hannu da aka sauke a tashar ruwan Kwatano ta wannan yanki. Gwamnatin Muhammadu Buhari ta haramta shigo da motoci ta iyakokin ƙasa daga 1 ga Janairu, 2017, sannan ta rufe iyakokin baki ɗaya a watan Agusta na 2019. Iyakar Kamba ba ta sake buɗewa ba sai a watan Afrilu na 2022. Motocin da suka ratso ta ɓarauniyar hanya a waɗannan shekaru sun shiga kasuwa, wasu ba su da takardar duti, wasu kuma suna da ta jabu.

Lamba ba ta wanke motar da ba a biya wa duti ba. Jami'an kwastam na iya kama ta ko da ta shekara biyar da lambar Kebbi, kuma asarar na kan wanda aka same ta a hannunsa, ko da shi ne na uku da ya saye ta. A watan Maris na 2024 hukumar kwastam ta buɗe wa'adin kwana 90 domin masu irin waɗannan motoci su biya abin da ake bin su, abin da ke nuna girman matsalar. Mai shirin sayen mota zai iya kai lambar takardar duti da lambar shasi ofishin kwastam na Birnin Kebbi a tantance masa kafin ya biya dila. Motar da ke ɗauke da lambar Nijar ko ta Benin kuwa izinin shigowa na wucin gadi take da shi, ba ta zama motar Najeriya sai an biya mata duti an yi mata rajista.

Sayen mota daga hannu, da lambar da ta ɓata ko ta goge

A tsarin 2011 lamba tana ɗaure ne da sunan wanda ya yi rajista. Idan ya sayar da motar ya bar lambarsa a jikinta ba tare da an sauya suna ba, duk laifin da aka aikata da ita shi za a fara nema, ko da ta yi hannu uku ta koma wata jiha. Shi kuma mai saye yana riƙe da motar da kundin gwamnati ke cewa ta wani ce.

Maganin wannan shi ne sauya mallaka a ofishin lasin. Ana zuwa da takardar yarjejeniyar ciniki mai sa hannun mai sayarwa da mai saye da shaidu, da takardar rantsuwa daga kotu, da tsofaffin takardun motar, da katin shaidar ɓangarorin biyu. Cinikin amana tsakanin 'yan'uwa da abokai shi ne ya fi barin wannan giɓi, kuma galibi ba a gane illarsa sai ranar rabon gado, lokacin da magada za su tarar motar mamaci tana da sunan wani, ko motar da ya sayar tun tuni tana nan da sunansa.

Idan lamba ta faɗi ko an sace ta, ana fara kai rahoto ofishin 'yan sanda a karɓi takardar rahoton, a yi rantsuwa a kotu, sannan a nemi a sake bugo ta ta hannun ofishin lasin. Zuwa wurin mai zane ya kwaikwayi lambar a kan kwano ko roba laifi ne, ko da alƙaluman na gaskiya ne. Haka nan rufe lamba da leda ko da hoton ɗan takara, ko maye gurbinta da allon sarauta ko sunan muƙami, al'adar da ke ƙaruwa a lokacin kamfe. Wanda ke son laƙabinsa a jikin mota yana da halastacciyar hanya, ita ce lamba ta musamman da ake biya a kuma shigar da ita rumbu kamar kowace lamba.

Babura da batun tsaro

A ƙauyukan Gwandu da Kalgo babur ne motar talaka. Shi ke kai manomi fadama, ya kai albasa da shinkafa kasuwa, ya kai mai naƙuda asibiti, shi ne kuma jarin matasa 'yan kabu-kabu. Doka ba ta ware shi ba: babur da Keke Napep suna buƙatar rajista da lamba da inshora kamar mota, kuma matakan iri ɗaya ne. Sai dai da yawa ana fito da su daga shago a hau da rasidin dila kaɗai.

Illar farko tana kan mai babur ɗin. Idan an sace shi, rasidin shago ba ya cikin wani rumbu da ɗan sanda a wata jiha zai bincika. Illa ta biyu ta shafi kowa. 'Yan bindiga a Arewa maso Yamma a kan babura suke kai hari, har da harin da Lakurawa suka kai garin Mera a ƙaramar hukumar Augie a watan Nuwamba na 2024. A watan Yuli na 2022, bayan taron Majalisar Tsaro ta Ƙasa, Ministan Shari'a na lokacin Abubakar Malami, wanda ɗan Kebbi ne, ya bayyana cewa gwamnati na duba yiwuwar hana hawa babura a faɗin ƙasa. Ba a aiwatar da hakan ba, amma ya nuna inda tunanin hukuma ke karkata idan ta kasa bambance babur ɗin manomi da na ɗan ta'adda. Rajista mai sauƙi kuma kusa da jama'a na cikin abubuwan da za su ba hukuma hanyar bambancewa ba tare da ta hukunta kowa da kowa ba.

Lambar Abuja a titin Kebbi

Akwai masu ganin lambar Abuja ko ta Legas ta fi kwarjini, ko ta fi sa mota daraja ranar sayarwa. Doka ba ta hana ɗan Najeriya tuƙa mota mai lambar wata jiha ba, domin lambar ta ƙasa ce baki ɗaya. Sai dai kuɗin rajista yana zama ne a jihar da aka yi ta. Motar da ke kwana a Gwandu, tana cin titin Gwandu, amma aka yi mata rajista a Ikeja, ta kai harajinta inda ba ta taka ba.

Alƙaluman Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa sun nuna abin da ke cikin wannan. A 2022 Kebbi ce ta zo ƙarshe a duk jihohi wajen kuɗin shiga na cikin gida, da kusan naira biliyan 9.1, yayin da Legas ta tara sama da biliyan 650. A 2023 Kebbi ta tara kusan biliyan 11.7, tana cikin uku na ƙasa tare da Taraba da Yobe. Harajin hanya ɗaya ne daga cikin rukunonin da hukumar ke lissafawa a wannan kuɗi. Jihar da ta dogara kacokan a kan kason Abuja ba ta jin nauyin talakawanta yadda za ta ji idan daga aljihunsu take tafiyar da mulki. Wanda ya biya harajin hanya a Kebbi yana da rasidin da zai ɗaga ya tambayi gwamnati da ɗan majalisarsa dalilin da ya sa titin garinsu ya lalace.

Nauyin bai tsaya kan masu mota kaɗai ba. Idan lambobi na yankewa, ko ofishi ya yi nisa, ko sai an bi ta hannun ɗan kamasho kafin fayil ya motsa, jihar ce da kanta ke kora kuɗinta zuwa maƙwabta. Majalisar Dokokin Jihar Kebbi ce ke amincewa da kasafin da ke ɗauke da hasashen wannan kuɗi, kuma 'yan mazaɓa na da damar tambayar wakilansu nawa aka yi hasashe daga rajistar ababen hawa, nawa aka tara, ofisoshi nawa ne kuma ke iya kammala rajista a wajen Birnin Kebbi.

Abin da kotuna suka ce

Lambar mota ta sha zuwa gaban alƙalai. A watan Maris na 2014, Mai Shari'a John Tsoho na Babbar Kotun Tarayya da ke Legas ya yanke cewa FRSC ba ta da hurumin tilasta wa masu tsohuwar lamba sauya ta, a ƙarar da wani lauya, Emmanuel Ofoegbu, ya shigar. Kafin shekarar ta ƙare Kotun Ɗaukaka Ƙara ta jingine hukuncin, ta tabbatar wa hukumar ikon fitar da sabuwar lamba. A watan Janairu na 2025 kuma Mai Shari'a Akintayo Aluko, shi ma na Babbar Kotun Tarayya a Legas, ya hana FRSC cin tarar direbobi saboda lambarsu ta koɗe, bisa hujjar cewa hukumar ce ta buga ta, ita ke da alhakin ingancin fentinta. Hukuncin bai halasta yawo babu lamba ko da ta jabu ba, kuma mai lambar da ta koɗe har ba a iya karanta ta zai fi samun kwanciyar hankali idan ya nemi a sake buga masa.

Tantancewa kafin barin ofis

Akwai bincike biyu da kowa zai iya yi da wayarsa cikin 'yan mintuna. Na farko, shigar da lambar a sashen tantancewa na shafin NVIS. Idan rajistar ta gaskiya ce, shafin zai nuna cewa an ware lambar, ya kuma ambaci irin motar da aka ware wa. Idan ya ce babu ita, ko ya nuna Toyota alhali motar Peugeot ce, to akwai matsala, kuma a ranar ya kamata a koma wa jami'in da ya bayar da ita. Na biyu, duba takardar inshora a rumbun bayanan kamfanonin inshora na ƙasa, NIID, domin takardar da ba ta cikinsa ba za ta biya kowa ko sisi ba.

Bayan haka sai adana takardu: ainihin rasidai da takardar mallaka a gida, kwafinsu a mota, hotunansu a waya. Ranar da aka tare mota a shingen bincike tsakanin Kalgo da Jega, ko aka gano babur ɗin da aka sace a wata kasuwa mai nisa, abin da jami'i zai duba shi ne ko sunan da ke cikin rumbu ya dace da na mutumin da ke tsaye a gabansa.